Kitsen hanta da ciwon hanta nau'in B: tarihin da ya ratsa ta Ƙauran Namoda

Akwai takardu biyu da ke yawan haɗuwa a aljihun mutum ɗaya a 'yan shekarun nan. Ta farko ya same ta ne ranar da aka nemi ya ba matarsa ko ƙanensa jini, aka ɗebi kaɗan aka gwada, sai ma'aikacin ɗakin gwaji ya ja shi gefe ya ce masa jininsa ba zai yi ba, yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Ta biyu ta zo bayan shekaru, ranar da ya je hoton ciki saboda olsa ko ciwon ƙugu, mai ɗaukar hoton ya rubuta cewa akwai kitse a hantarsa, ya ce masa ba wani abin damuwa ba ne, ya dai rage maiƙo. Mutumin nan malami ne a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙauran Namoda, ko ma'aikacin ƙaramar hukuma a Zurmi, ko ɗan Shinkafi da aiki ya kai Abuja. Shekarunsa 40 da ɗoriya, ba ya shan giya, ba ya jin ciwon komai. Takardun nan daban-daban yake ajiye su, kuma sau da yawa wanda ya rubuta ta biyu bai san da ta farko ba.

Tarihin takardun biyu a sarƙe yake tun daga tushe, wani sashe nasa kuma a ƙasarmu ya faru. Wanda ya bi shi zai ga sau uku masana suna nuna abu ɗaya su ce shi ne ke kashe hantar mutanen Afirka ta Yamma: da farko yunwa, daga baya gyaɗa, sannan ƙwayar cuta. Kowane karo suna da gaskiya, sai dai ba cikakkiya ba. Yanzu an shiga karo na huɗu.

Abin da ido ba ya nunawa

Bahaushe ya daɗe da sanin ciwon hanta, amma ta ido ya san shi. Idan farin ido ya rine, fitsari ya koma kamar ruwan shayi, jiki ya mutu, sai a ce shawara ce, a nemo saiwar rawaya a jiƙa. Kalmar ɗaya ce, cututtukan da ke ƙarƙashinta kuwa suna da yawa, daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da amosanin jini har zuwa toshewar hanyar maɗaciya da ƙwayoyin bairos iri-iri. Turawa ma ba su daɗe da rarrabe su ba. A 1883 aka yi wa ma'aikata 1,289 na wani kamfanin ƙera jiragen ruwa a Bremen ta Jamus lambar rigakafin agana da aka haɗa da ruwan jikin mutum, 191 daga cikinsu suka yi shawara bayan 'yan watanni. A 1942 sojojin Amurka kimanin 50,000 suka kwanta da ita bayan wata allurar rigakafi da aka gauraya da ruwan jinin mutane. Sai a 1947 wani likitan Ingila, Frederick MacCallum, ya raba cutar gida biyu, ya kira wadda ake ɗauka ta abinci da ruwa nau'in A, wadda ake ɗauka ta jini nau'in B. Suna kawai ya sa, babu wanda ya ga ƙwayar tukuna.

Inda kalmar shawara ta gaza shi ne, nau'in B da ya zauna a jiki ba ya rina ido sai ƙarshen tafiya. Baligin da ya kamu yakan yi rashin lafiya, jikinsa ya kori ƙwayar, ƙasa da mutum 5 cikin 100 ne take zame wa ta dindindin. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa kuwa ba ya nuna alamar komai, amma kusan 9 cikin 10 za su rayu da ita har tsufa. Yawancin masu ɗauke da ita a Afirka ta Yamma kafin su cika shekara biyar suka same ta, wasu daga uwa, da yawa daga sauran yaran gida. Duk abin da ke fasa fata da kayan aiki ɗaya hanya ce gare ta: askar ranar suna, cire belu, kaciyar taro, tsaga, ƙaho, allurar da ba a dafa ba.

Kada mai karatu ya yi saurin ɗora wa wanzamai laifin duka. Ƙwayar tana da dangogi da ake kira da haruffa, wanda ya mamaye Afirka ta Yamma shi ne dangin E. Masu bin salsalar ƙwayoyin cuta sun lura da abu biyu game da shi: 'ya'yansa suna kama da juna ƙwarai daga Senegal har Angola, kuma da wuya a same shi a jikin jikokin bayin da aka kwashe zuwa nahiyar Amurka. Wannan ya sa suka ce yaɗuwarsa ta zo ne bayan cinikin bayi, wasunsu kuma suna zargin manyan gangamin allura na zamanin mulkin mallaka, lokacin da ake yi wa gari guda allura da sirinji kaɗan. Zargi ne da ba a tabbatar ba, amma ya isa ya sa a yi hattara wajen kiran cutar gadon gargajiya.

Kitsen yunwa

Kitsen hanta na farko da likitancin zamani ya gani a wannan yanki a jikin yara masu yunwa ya gan shi. A 1933 Cicely Williams, likitar yara haifaffiyar Jamaika da ke aiki a Akara, ta bayyana wata cuta ta yaran da aka yaye aka bar su da kunun masara: ƙafa ta kumbura, gashi ya canza launi, fata ta saɓe. A 1935 ta fitar da ita da sunan da mutanen Ga ke kiranta, kwashiyoko. Waɗanda suka rasu aka duba cikinsu, an tarar da hantarsu ta girma, ta koɗe, ta cika da kitse.

Yaya yaron da bai ƙoshi ba zai tara kitse? Amsar tana da amfani ga duk abin da zai biyo baya. Hanta ita ce babbar tashar maiƙo a jiki. Tana ƙera kolestarol, ita ke mayar da rarar suga zuwa wani maiƙo da ake kira tiraigilisaraid. Tun da mai ba ya gauraya da ruwa, sai ta ɗaure su cikin ƙunshin furotin kafin ta tura su cikin jini, kuma waɗannan ƙunshe-ƙunshe ake aunawa idan an ce an gwada maiƙon jini. Yaron da ba ya samun furotin ba shi da buhun da za a zuba kayan, sai kaya su taru a tasha. Haka aka daɗe ana koyarwa, binciken baya-bayan nan ya ƙara da cewa ƙarfin hantar na ƙona kitsen shi ma yana raunana.

Daga nan likitocin shekarun 1940 da 1950 suka haɗa lissafi. Sun ga hanta mai kitse a wajen yara, sun ga hantar da ta ƙangare ta motse a wajen manya, sun ga sankarar hanta tana kashe samari 'yan shekara 30 da ba a saba gani a Turai ba, sai suka ce hanya ɗaya ce, farkonta yunwa. Lissafin ya yi kyau a takarda. Amma da aka bibiyi yaran da suka warke, musamman a Uganda, sai aka ga kitsen yana narkewa da zarar abinci ya samu, hantar ta koma daidai. Wani abu ne daban ke ƙangarar da hantar manya.

Wannan kitse na yunwa bai zama tarihi ba a arewacin Zamfara. A tsakiyar 2024 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tare da ma'aikatar lafiya ta jiha sun auna yara fiye da 97,000 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi, suka tarar kusan ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. A garuruwan da 'yan bindiga suka raba manomi da gonarsa, cutar da Williams ta bayyana shekara 90 da suka wuce tana kwance a gadon asibiti.

Ƙarshen layin dogo

A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya iso Ƙauran Namoda, nan kuma ya tsaya. Garin da ya ɗauki sunan jarumin Alibawa na zamanin jihadi ya zama bakin ruwan duk ƙasar da ke arewa da shi. A nan hanya ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Shinkafi da Isa, ɗaya ta nufi Zurmi da Jibiya, kuma ta hanyoyin nan jakuna da raƙuma, daga baya manyan motoci, suka riƙa kawo gyaɗa da auduga tasha. Dalar gyaɗar Kano ce ta shiga hotuna, amma wani kaso na arzikin da ya gina Jihar Arewa daga wannan tasha ya hau jirgi. Da kuɗin gyaɗa ake biyan haraji, a yi aure, a yi rufin kwano. Abin da bai kai a sayar ba, ƙwarar da ta motse ko ta canza launi, shi ake bari a gida, mata su soya su matse mai, tunkuzar ta zama ƙuli-ƙuli.

A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a gonakin kiwo na Ingila cikin 'yan watanni, hantarsu a lalace. Da aka bi sawu sai aka tarar da tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Birazil. Wata funfuna ce ke tsirowa a jikin gyaɗa da masara idan fari ya kama shuka a ƙarshen damina ko an adana amfanin gona da danshi, tana fitar da guba da aka sa wa suna aflatoksin. Ba a san wani abu da ke fitowa daga halitta da ya fi ta haddasa sankarar hanta ba. Suya da dahuwa ba sa kashe ta, kuma a tunkuza ta fi zama, ba a tataccen mai ba. Ƙasashen da ke saye suka kafa ƙa'idar gwaji, abin da ya ƙara ƙarfafa tsohuwar al'ada: mai kyau ta tafi teku, marar kyau ta zauna a tukunya.

Farin 1972 zuwa 1974 da annobar cutar gyaɗa ta 1975 sun karya cinikin fitarwa, man fetur ya ƙarasa shi, jirgin ma daga baya ya daina zuwa. Noma da ci dai ba su tsaya ba. A ganina halin da ake ciki yau ya fi na da haɗari ta wannan fuska, domin manomin da ke girbi a gurguje yana waige ba shi da sukunin shanya gyaɗa ta bushe yadda ya kamata.

Mai neman maiƙo ya tsinci bairos

A 1957 wani matashin likita Ba'amurke, Baruch Blumberg, ya zo Nijeriya ya ɗebi jinin Fulani makiyaya a Arewa da na Yarabawa a Yamma. Ba ciwon hanta ya kawo shi ba. Shi da abokin aikinsa Anthony Allison suna son sanin yadda furotin ɗin jini ke bambanta tsakanin al'ummomi, da ko bambancin na da alaƙa da wanda ke kamuwa da cuta da wanda ke tsira. Suka yi wata dabara: mutumin da aka sha ƙara wa jini, jikinsa zai ƙera garkuwa a kan duk furotin ɗin da ba irin nasa ba, don haka jininsa zai iya zama ma'aunin gano bambanci. A 1961 dabarar ta ci, abin da suka gano kuwa bambancin gado ne a ƙunshin da ke ɗaukar kolestarol a jini.

Blumberg ya ci gaba da neman irin wannan bambanci a maiƙon jini. Shi da Harvey Alter suna gwada dubban samfura, suna shafa musu rinin da ke kama kitse. Wata rana jinin wani ɗan asalin ƙasar Ostareliya ya ba da layin da ya ƙi karɓar rinin kitse sosai, ya karɓi jan rinin furotin. Suka buga labarinsa a 1965 ba tare da sun san mene ne ba, har suna zaton yana da alaƙa da sankarar jini. Zuwa 1968 aikinsu da na Alfred Prince a New York ya tabbatar da cewa rigar bairos ɗin nau'in B ce. David Dane ya ga cikakkiyar ƙwayar a Landan a 1970, Blumberg ya sami kyautar Nobel a 1976. Gwajin da aka yi wa mutumin namu ranar ba da jini jikan wancan layi ne, wanda aka tsinta ana tsakar neman maiƙo.

Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya na cikin wuraren da aka fara auna nauyin abin a Arewa. A 1977 Fakunle, Ajdukiewicz da Edington suka wallafa rahoton sankarar hanta a yankin, a 1981 kuma Fakunle, Abdurrahman da Hilton Whittle suka fitar da binciken yaɗuwar ƙwayar tsakanin yara da manya. Whittle da Brian Greenwood daga Zariya suka koma Gambiya, inda a 1986 aka fara babban gwajin yi wa jarirai rigakafi ƙasa baki ɗaya. Hujja mafi ƙarfi daga Taiwan ta fito a 1981: Palmer Beasley ya bibiyi maza ma'aikatan gwamnati 22,707, mutum 41 suka mutu da sankarar hanta, 40 daga cikinsu masu ɗauke da ƙwayar ne.

To gyaɗa fa? Wani bincike a birnin Shanghai da ya bi maza fiye da 18,000 ya raba gardamar a 1994. Wanda aka ga alamar aflatoksin kaɗai a fitsarinsa, haɗarin sankararsa ya ninka kusan sau 3. Mai ƙwayar kaɗai, sau 7. Wanda ya haɗa biyun, kusan sau 60. Hanta ba tara ɓarna take yi ɗaya bisa ɗaya ba, ninkawa take yi, kuma wannan darasi ne za a sake buƙata idan an zo kan kitse.

Rigakafi ya fito a 1981, Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi kowace ƙasa ta sa shi cikin alluran yara a 1992, Nijeriya ta amince a 1995, amma bai wadata a asibitoci ba sai 2004. Ya iso a mugun lokaci. A 2003 ne Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da ɗigon shan inna saboda jita-jitar da kowa ya sani, kuma rashin yardar da ta biyo baya ba ta tantance wannan allura da waccan ba. Ma'anar kwanakin nan ga mai karatu a fili take: duk wanda aka haifa a Nijeriya kafin 2004, in ba ya nema da kansa ba, ba a yi masa rigakafin ba. Binciken ƙasa na 2018 ya sami ƙwayar a jikin kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64, maza kashi 10.3, mata kashi 5.8.

Kitsen ƙoshi

A 1980 Jurgen Ludwig da abokan aikinsa a asibitin Mayo na Amurka suka bayyana marasa lafiya 20 da hantarsu ta yi kama da ta mashaya, ga kitse ga kumburi ga tabo, alhali ba sa sha. Yawancinsu masu ƙiba ne, da dama suna da ciwon suga. Kafin nan irin waɗannan mutane maƙaryata ake ɗaukar su, likita ya ce suna sha a ɓoye. Sunan da aka ba cutar ya ɗauki kalmar giya fiye da shekara 40, sai a 2023 aka canza shi zuwa wanda ke nuni da ainihin tushenta, wato rikicewar yadda jiki ke sarrafa suga da maiƙo. Ga jihar da ta haramta sayar da giya tun 2000, wannan gyara ya fi kusa da gaskiyar marasa lafiyarta. Ana ƙiyasta kusan kashi 30 cikin 100 na manyan duniya suna da ita yanzu.

A nan buhu bai ƙare ba, kaya ne suka fi ƙarfin tasha. Kuma shawarar a rage maiƙo ba ta kama babban ɓarawon ba. Mutumin da kakansa ya rayu kan tuwon dawa da furar gero, yana tafiya gona da ƙafa, shi yau da burodi da shayi mai madarar gwangwani yake karyawa, rana farar shinkafa ko taliya, a bi da lemon kwalba, fura ma sai an zuba mata suga, daga ƙofar gida zuwa ofis kuma kan babur. Rabin sugar da ke cikin lemo iri ne da hanta ce kusan kaɗai ke sarrafa shi, kuma kitse take mayar da rararsa. Harajin naira 10 kan kowace lita da dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora wa irin waɗannan abubuwan sha bai kai ya hana kowa saye ba. Teɓa kuma har yanzu gaisuwa take jawowa, a ce Alhaji hutu ya karɓe shi. A gari ɗaya, wani lokaci a zuri'a ɗaya, ana samun yaro mai kitsen yunwa da baffansa mai kitsen ƙoshi.

Da aka zo duba yadda wannan kitse ke zama da nau'in B, sai aka ci karo da abin mamaki. A 2012 Vincent Wong da abokan aikinsa a Hong Kong suka auna hantar mutum kimanin 1,000 daga cikin jama'a: kashi 13.5 cikin 100 na masu ɗauke da ƙwayar ne ke da kitsen hanta, marasa ita kuwa kashi 28.3. Tiraigilisaraid ɗin masu ƙwayar ma ya fi sauka. Wani babban bincike a Koriya ta Kudu ya ga haka. Ta ɗaya ɓangaren kuma, masu ƙwayar da suka tara kitse sukan nuna ƙarancin bairos a jini, wasunsu ma alamar ƙwayar takan ɓace musu fiye da sauran. Kamar dai kishiyoyi biyu da ke takura wa juna a ɗaki ɗaya. A shekarar 2012 ɗin dai Li Wenhui a Beijin ya gano ƙofar da bairos ɗin ke bi ya shiga ƙwayar hanta, sai ga shi ƙofar da hanta ke karɓar gishirin maɗaciya ce, wanda daga kolestarol ake ƙera shi. Ƙwayar a tsakiyar harkar maiƙo ta kafa sansani.

Nan ne mutumin namu zai iya ruɗuwa. Takardar maiƙon jininsa ta fito da kyau, adadin bairos ya yi ƙasa, sai ya ɗauka an rabu lafiya. Amma rigimar kishiyoyin ba ta amfani mai ɗaki. Wani bincike da ya haɗa asibitocin Toronto da Rotterdam, wanda aka buga a 2020, ya bi marasa lafiya fiye da 1,000 da aka tsakuri hantarsu aka duba: waɗanda kitsensu ya kai ga kumburi sun fi tabo mai zurfi, sun fi kamuwa da sankara, sun fi mutuwa. Ciwon suga shi ma yana ƙara haɗarin sankara ga mai ƙwayar. Kitsen da ke kwance shiru wani abu ne, wanda ya fara ƙona hanta wani abu ne daban, hoton ciki na yau da kullum kuma ba ya bambance su.

Takardar maiƙon jini tana da wasu hanyoyin yaudara. Kolestarol da ya sauka ƙwarai a jikin wanda hantarsa ta ƙangare alama ce ta cewa tashar ta kasa aiki. Maganin tenofovir na asali, wanda aka fi samu a Nijeriya, yana sauke kolestarol da kansa, sabon samfurinsa kuwa ba ya yin haka, har waɗanda aka sauya musu sukan ga maiƙo da nauyi sun ɗan hau. Sannan bincike a Amurka ya nuna baƙar fata sukan kasance da tiraigilisaraid daidai ko da jikinsu ya fara bijire wa insulin. Wani bincike a Dallas a 2004 ya sami kitsen hanta a kashi 24 cikin 100 na baƙaƙe, 33 na farare, 45 na 'yan asalin Latin Amurka. Idan kitsen ya bayyana a hantar Bahaushe duk da wannan, bai kamata a wuce shi da cewa ba komai ba. Ya kamata kuma a riƙe cewa yawancin binciken da ya haɗa kitse da ƙwayar daga gabashin Asiya ya fito, inda dangin B da C suka fi yawa, a hantar da ba lallai ta ci ƙuli-ƙuli tun yaye ba.

Shekaru da yawa likitoci suna tsayawa kan tambaya ɗaya: idan gwajin ALT, mai nuna hanta na jin jiki, ya hau a wajen mai ƙwaya da kitse, wane ne mai laifi? Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ta taƙaita magani ga wanda hantarsa ta ƙangare, ko wanda ya haura shekara 30 da ALT mai hawa da bairos fiye da 20,000 a ma'auni. Gwajin ƙidayar bairos yana da tsada, ɗan Zurmi sai ya kama hanyar Gusau ko Sakkwato, hanyar da kowa ya san halinta. A watan Maris na 2024 hukumar ta sassauta. Yanzu tana ba da shawarar a fara magani idan akwai tabo mai ma'ana a hanta, ko bairos ya haura 2,000 tare da hawan ALT, ko akwai wanda ya yi sankarar hanta ko ƙangarewarta a dangi, ko kuma mutum yana da ciwon suga ko kitsen hanta, ko nawa ne adadin bairos ɗinsa. Wato takarda ta biyu ta zama dalilin ɗaukar mataki a kan ta farko. Tabon ma ana iya ƙiyasta shi da lissafin APRI, wanda ke buƙatar gwajin AST da ƙidayar ƙwayoyin daskarar da jini kawai, abin da babban asibiti mai ɗakin gwaji zai iya yi. Idan sakamakon ya haura 0.5, ya isa.

Tenofovir ƙwaya ɗaya ce a rana, yana danne bairos, yana buƙatar a riƙa duba ƙoda, ba a kuma daina shi da ka domin hanta kan iya tashi da kumburi mai tsanani. Kitse dai ba ya narkar da shi. Wannan sai rage nauyi: kashi 5 cikin 100 na nauyin jiki yana rage kitsen, kashi 7 zuwa 10 yana kwantar da kumburi har ya taɓa tabo. Ga mai kilo 90, kilo 6 zuwa 9 ke nan. Wanda likita ya rubuta wa maganin sauke kolestarol na dangin sitatin bai kamata ya ƙi shi don tsoron hanta ba, matuƙar hantar ba ta kai ga gazawa ba, domin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki suna kashe masu kitsen hanta fiye da yadda hantar ke kashe su. Abin gudu shi ne jarkokin wankin hanta da ake tallarsu da lasifika ranar kasuwa. Hoton hanta duk wata shida yana da muhimmanci ga wanda likita ya ga yana cikin haɗari, domin nau'in B kan haifar da sankara ko hanta ba ta ƙangare ba, kitse kuma yana dushe hoton, ƙaramin ƙari ya ɓuya.

Gyaɗa ma tana da nata gyaran, kuma ba mai tsada ba. A ƙauyukan Kindiya ta ƙasar Gini an gwada tsince ƙwarar da ta lalace da hannu, shanya a kan tabarma, zubawa a buhun algarara maimakon na leda, da ɗora buhu a kan katako. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna gubar da ke jinin mutanen ta ragu da fiye da rabi.

Saura 'ya'yan mutumin namu. Matarsa da yaransa suna buƙatar gwaji, wanda ba ya ɗauke da ƙwayar a yi masa allura uku. Jariri kuwa allurarsa ta farko ta fi amfani cikin awa 24 da haihuwa, kafin sauran da ke cikin allurar haɗaka ta mako 6 da 10 da 14. Yawancin haihuwa a Zamfara a gida ake yin ta, mai jego tana ɗaki tana wanka, wanzami kuma yakan riga ma'aikacin lafiya ganin jaririn. A ƙauyen da ke bayan Zurmi ko Shinkafi, ɗaukar jinjiri ɗan kwana ɗaya a hau babur a nufi asibiti shawara ce da uban yaro zai yanke tun cikin bai kai wata tara ba, ya san wane asibiti ne ke da allurar a firji, ya kuma shaida wa kakar yaron tun da wuri.